Kundin Cleophus Ba Ya Durƙusawa

A garinmu na kudancin Alabama, in ka ji wani yana koya wa talabijin yadda ake buga ƙwallo, ba sai ka leƙa ba, Cleophus Tubbs ne. Mai gyaran taya ne, ɗan shekara hamsin da biyu, ga tumbi ga ɗan ɗingishi, wanda yake cewa a filin ƙwallo ya samo shi. Waɗanda suka yi sakandare da shi sun san daga kan tsani ya faɗo yana ɗaura tutar makaranta. Shekara biyu ya yi a ƙungiyar ƙwallon makarantar, bai taɓa tashi daga benci ba sai ranar da aka zo yi wa bencin fenti.

Abu ɗaya yake nema a duniya, a kira shi Koci. Ya sa an ɗinka sunan a hularsa, ya rubuta shi a akwatin wasiƙunsa, amma ko mai kawo wasiƙar bai taɓa furta shi ba.

Ranar Asabar a shagon askin Dattijo Lemuel ake taruwa. Lemuel dattijo ne a coci, wanzami ne a shago, kuma shi ne alƙali a duk wata gardama. A kusurwar shagon akwai babbar talabijin da na'urar gem ta ƙwallon Amurka, inda magidanta ke karawa da juna kafin layi ya zo kansu. Watanni uku ke nan ba wanda ya ci Sista Odessa Pruitt. Mai dafa abincin makarantar firamare ce, ta haura sittin, ta koyi gem ɗin lokacin da aka yi mata aikin gwiwa ta rasa abin yi a gida. Duk Asabar takan kafa kaskonta a ƙofar shagon tana soya tarwaɗa don asusun coci. In kifi ya tsane ta shigo, ta goge hannu, ta lallasa wanda ta tarar.

"Dabara uku kacal take da su," in ji Cleophus wata Asabar, yana daga kujerar aski da kumfa a haɓa. "Gudu ta tsakiya, gudu ta tsakiya, sai ta sake gudu ta tsakiya. Wannan ai juya miya ne, ba ƙwallo ba."

"To sauko ka ɗanɗana miyar, Ɗan'uwa Cleophus," in ji Odessa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Sista, ni ba na amfani da dabarun da suka zo cikin kwali. In na zauna na tsara nawa kundin, sai kin nemi wurin ɓuya."

"Gwaji huɗu ake ba mutum ya ci yadi goma. Ni ina cin uku da rabi kowane gwaji. Ka iya lissafi, ko in aro maka ɗan aji biyu?"

Shago ya ɗauki dariya. Cleophus ya yunƙura zai tashi, Lemuel ya danne masa kafaɗa don aska na kan maƙogwaronsa.

"Bari mu raba gardama," in ji Lemuel. "Nan da mako biyu ku kara. In ka ci, duk wanda ya shigo shagon nan zai kira ka Koci, har ni. In Sista ta ci, ba za ka ƙara furta kalma ɗaya a kan ƙwallo a nan ba, daga tashin wasan har ƙarshen kakar wasanni, watan Janairu."

Lokacin Satumba ta kama. Mai hankali da ya tsaya ya ƙirga watannin. Cleophus ya ce a rubuta, Lemuel ya ɗauki guntun sabulu ya rubuta a jikin madubi.

Washegari bayan coci aka fara aiki a teburin kicin. Matarsa Vernice ta shigo ta tarar da gwangwanayen wake goma sha ɗaya sun yi sahu, suna fuskantar kwalaben yaji.

"Ina gishirina?"

"Yana gudu ta hagu. Kar ki taɓa shi."

"Miya na kan wuta, Cleophus."

"Shi ne mai jifan ƙwallo, Vernice. In kin ɗauke shi duk tsarin ya rushe."

Ta ɗauke shi. Ya bi ta har gaban murhu yana bayani, ta zuba wanda za ta zuba, ta jefa kwalbar a aljihun rigarta. Daga ranar a tsaye suke cin abinci, don teburin ya zama fili.

Da kicin ya yi masa kaɗan sai ya koma tsakar gida. Ya aro kujerun ƙarfe ashirin da biyu daga zauren coci, ya ce na taron addu'a ne, ya jera su a kan ciyawa. Kowace dabara sai ya taka ta da ƙafarsa, ya kira sunanta da ƙarfi, ya gudu nan, ya juya can, ya miƙa wa kujera ƙwallo, ya karɓe. Sunayen ma abin ji ne. Akwai Kunamar Cleophus, akwai Kada Cikin Lambu, akwai Guguwa ta Ɗaya har zuwa ta Arba'in. Maƙwabcinsa Horace Beasley, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, ya jawo kujera baranda da kofin shayi mai ƙanƙara. Kwana biyu aka yi, barandar ta cika da 'yan kallo.

A rana ta huɗu Cleophus yana gwada Guguwa ta Tara, yana gudu da baya yana kallon sama zai cafe ƙwallon da ba wanda ya jefo, sai ya tsallake shinge da ƙeya ya zauna daɓas cikin tumatirin Horace.

"Wa ya kayar da kai?" in ji Horace daga sama.

"Shingenka ya shigo fili."

"Shekara ashirin yana nan. Tumatir nawa ka zauna a kai?"

"Za a tuna da lambun nan a tarihi, Horace."

"Ni ma zan tuna."

Ranar Larabar mako na biyu ya zauna zai loda dabarun cikin na'ura, Horace na gefe yana cin gyaɗa. Nan matsala ta taso. Gem ɗin ba ya karɓar fiye da dabara ɗari biyu da hamsin a kundi ɗaya, kuma rabin gurbin cike yake da waɗanda masu gem ɗin suka zuba. Cleophus na da ɗari uku da goma sha ɗaya, kowacce kuma ji yake da ita. Sai ya fara share na mutane.

Gudu ta tsakiya ya fara tafiya. Gajeren jifa ya bi shi. Ya zo kan bugun ƙafa, wanda ake yi in gwaji uku sun tafi a banza, a tura ƙwallon nesa kafin a miƙa wa abokan karawa.

"Wannan na matsorata ne," ya share.

"Wancan fa?" in ji Horace. "Durƙusawa."

Kowa ya san durƙusawa. In kana gaba kuma lokaci ya kusa ƙarewa, mai jifa ya karɓi ƙwallo ya sa gwiwa a ƙasa, agogo ya cinye sauran daƙiƙun, a tashi lafiya.

"Ni in durƙusa gaban mai soya kifi? Horace, kafin a kai nan na ba ta tazarar hamsin. A kundina ba mai sa gwiwa a ƙasa."

Ya share ta, ya sa Guguwa ta Goma Sha Bakwai a gurbinta. Sannan ya gwada kundin da na'ura, ya ci casa'in da ɗaya da nema. Ya miƙe ya zagaya falo sau biyu da hannu a sama. Horace ya hango a kusurwar talabijin cewa gem ɗin na kan matakin 'yan koyo, wanda ko rimot ka ajiye za ka iya ci. Ya buɗe baki, ya tuna tumatirinsa, ya jefa gyaɗa a ciki.

Ranar karawa shagon ya cika tun kafin azahar, har da waɗanda ba su da gashin da za a aske. Cleophus ya iso da usur a wuya, da hular Koci, da wani ƙaton abin sauraro a kunne wanda wayarsa ke lilo ba a haɗe da komai ba. Kundin na hammatarsa, shafi ɗari da tamanin, kowane shafi an lulluɓe shi da leda. Odessa ta sauke kifin farko, ta zuba na biyu, ta shigo ta zauna ta gyara tabarau.

"Ka yi addu'a, Ɗan'uwa Cleophus?"

"Na yi miki, Sista."

Shi aka fara ba ƙwallo. Gem ɗin na ba mutum daƙiƙa arba'in ya zaɓi dabara. Cleophus ya lashi yatsa ya buɗe kundi, ya nemo Kunama a shafi na sittin, ya koma talabijin yana nemanta a cikin ɗari biyu da hamsin. Yana tsakiyar Guguwa alƙalin cikin gem ya hura usur, aka mayar da shi baya yadi biyar don ɓata lokaci.

"Da gangan na yi," in ji shi. "Ina buɗa fili ne."

Aka sake. Leda ta manne shafi biyu, kafin ya raba su usur ya sake tashi.

"Filin ya buɗu sosai," in ji Lemuel. "Ka kusa fita ta ƙofar baya."

A karo na uku ya haƙura da Kunama, ya zaɓi wata dabarar. Ya ɗaga takarda ya rufe bakinsa yadda kociyoyi ke yi a talabijin don kar a karanci leɓensu, sannan ya faɗi sunan da muryar da ta kai bakin titi. "Guguwa ta Tara."

"Ta tumatir ce," in ji Horace. "Hagu zai yi, sannan ya ja da baya."

"Mun san ta," in ji wata murya daga baya. "Ranar Alhamis ya yi ta sau shida."

Rabin shagon sun yi mako biyu a barandar Horace, sun haddace kundin fiye da mai shi. Odessa ta tura mutanenta hagu, suka tarar da mai gudun Cleophus yana zuwa musu da baya, suka kwantar da shi. Kafin a ankara gwaji na huɗu ya zo, yana buƙatar yadi ashirin da takwas, yana dab da gidansa, wato layin da in Odessa ta tsallaka ta ci shi.

"Buga ta da ƙafa, ka rabu da ita," in ji Lemuel.

"Ba na wannan."

"Ba ka so, ko ba ka da shi?"

"Dattijo, ka ji da askinka."

Ya saki Kada Cikin Lambu. 'Yan wasansa biyu suka yi karo da juna, ƙwallo ta koma hannun Odessa a bakin layi. Ta yi gudu ta tsakiya sau uku ta tsallaka, maki shida, ta buga ƙwallo tsakanin turaku ta ƙara ɗaya. Kafin hutun rabin lokaci ta ƙara maki uku da wani bugun tsakanin turakun, aka tafi goma da nema. Ta leƙa kifinta ta dawo.

A hutun Cleophus ya tsaya gaban talabijin ya yi wa 'yan wasansa faɗa. Ya ce sun ba shi kunya, ya ce mai lamba tamanin da huɗu ba ya saurare, ya hura musu usur. Vernice da ta shigo lokacin ta nemi kujera can nesa da shi.

Bayan an dawo, Lemuel na kaɗe wa wani hodar aski a wuya, hodar ta bi iska ta shige hancin Cleophus. Ya saki atishawa, babban yatsansa ya danna abin da bai yi niyya ba. Mai jifa ya wurga ƙwallo can gaba, ta faɗa hannun mai lamba tamanin da huɗu da ke tsaye shi kaɗai, don ko Horace bai san wannan ba. Ya ruga ya tsallaka layi, maki shida ke nan, babu bugun ƙafa a kundin da zai ƙara ɗaya. Goma da shida.

"Shafi na casa'in," in ji Cleophus yana share hanci. "Atishawar ma cikin shirin take."

Odessa ta ce, "Allah ya ƙara lafiya. Ka ƙara wata mu gani."

Saura minti uku a tashi, ƙwallo na hannun Cleophus, wani ya leƙo daga waje ya ce hayaƙi na tashi a kasko. Odessa ta miƙe.

"Tsayar da wasan, Ɗan'uwa Cleophus. Minti ɗaya."

"Agogo ba ya jiran kifi, Sista."

"Kifin coci ne."

"Dattijo, duba madubi. An rubuta za a tsaya?"

Lemuel ya duba, ya sake dubawa, ya ce da takaici ba a rubuta ba. Odessa ta yi wa Cleophus wani kallo ta saman tabarau, ta ajiye rimot a kujera ta fita. Jama'a suka bi shi da irin kallon da ake yi wa wanda ya zubar da girmansa. Cleophus bai damu ba. Ko da ba mai riƙe da ɗaya ɓangaren, sai da ya yi gwaji uku kafin ya tsallaka. Sha biyu da goma, shi ne a gaba.

Odessa ta dawo hannu duk mai. Ta karɓi ƙwallo ta fara abin da ta saba, uku da rabi, huɗu, uku da rabi, har ta kawo yadi goma sha biyar daga gidansa. Cleophus ya fara zufa. Sai rimot ya sulɓe daga hannunta ya faɗi ƙasa, mai gudunta ya yi tsaye sototo, aka buge shi, ƙwallo ta faɗi, wani ƙaton ɗan wasan Cleophus ya kwanta a kai. Agogo ya tsaya a daƙiƙa ashirin da takwas, ita kuma ba ta da sauran damar tsayar da shi.

Cleophus ya miƙe tsaye. Ya gyara hula, ya juyo ya fuskanci jama'a, idonsa har ya kawo ruwa. Shekara talatin yana jiran wannan rana, ga ta ta zo har gabansa.

"Ku fara gwadawa a bakinku," in ji shi. "Ba ta da wuya. Horace, kai za ka fara."

"Zauna ka gama tukuna," in ji Lemuel. "Durƙusa sau ɗaya, agogo ya ƙare, mu ba ka sunanka."

Ya zauna yana murmushi. Ya shiga jerin dabaru. Guguwa, Guguwa, Kunama, Kada. Ya koma farko. Murmushin ya fara raguwa.

"Ranar Laraba ka share ta," in ji Horace. "Ina wurin. Ka ce a kundinka ba mai sa gwiwa a ƙasa."

"To zaɓi kowacce," in ji Vernice daga nesa, don duk da komai mijinta ne. "Wadda mutum ɗaya zai riƙe ƙwallon ya faɗi da ita. Ko gishirina ya iya wannan."

Ya buɗe kundi yana neman dabara ɗaya tak da ƙwallo ke zama a hannun mutum ɗaya. Shafi ɗari da tamanin, babu. Shi da kansa ya tabbatar babu. Daƙiƙun zaɓi na tafiya, jama'a suka fara ƙirga masa da baki, biyar, huɗu, uku. Kundin ya zame daga cinyarsa, ya rintse ido ya danna.

"Ta Goma Sha Bakwai ce," in ji Horace a hankali. "Vernice, kar ki kalla."

Mai jifa ya karɓi ƙwallo ya cilla ta baya ga mai gudu. Mai gudu ya yi dama, ya cilla ta baya ga wani. Wannan ya yi hagu, ya cilla ta baya ga wani ƙato mai lamba saba'in da bakwai, wanda aikinsa ture mutane ne, bai taɓa riƙe ƙwallo ba tunda aka ƙera gem ɗin. Cleophus na danna duk abin da yatsansa ya samu yana cewa a tsaya, a tsaya, amma shi ya tsara ta, ta kuma bi tsarinsa tiryan-tiryan. Ƙwallo ta daki hular ƙaton, ta yi tsalle, ta gangara cikin gidan Cleophus. Wata 'yar dannawa Odessa ta yi, ɗan wasanta ya je ya kwanta a kai. Agogo ya nuna sifiri. Sha shida da sha biyu.

Shagon ya kece. Wani ya faɗo daga kujerar jira, wani ya fita waje ya riƙe turken wuta yana dariya. Odessa ta goge rimot da gefen rigarta ta ajiye.

Cleophus ya miƙe da hujjoji cike da baki. Rimot ɗinsa na da matsala, mai lamba saba'in da bakwai ya makara da taku ɗaya, a takarda dabarar ba ta da aibi. Ya ɗaga yatsa.

"Ku tsaya ku ji. Abin da ya faru shi ne, da ƙaton nan ya..."

"Ɗan'uwa Cleophus," in ji Lemuel. "An tashi wasa."

Yatsan ya tsaya a sama. Sai a lokacin ya ƙirga watannin, ya ga huɗu ne da 'yan kwanaki, da duk wasannin Asabar a ciki. Gaskiya abin da ban tausayi, don mutumin nan ba shi da wata dukiya da ta wuce bakinsa.

Su kuwa ba su tausaya ba. Suka sa aka maimaita dabarar a talabijin sau huɗu, a hankali. Suka kewaye shi suna sharhi, kowa na faɗin nasa, kuma da gangan suke kuskure. Wani ya ce cilli biyu aka yi. Wani ya ce ai Kunama ce, ba Guguwa ba. Horace ya ce a ganinsa dabarar daga wani littafin yara aka kwafo ta. Cleophus ya cire usur ya sa a aljihu.

"Kai me ka gani, Cleophus?" in ji Horace. "Kai ne masani."

Kowa ya zuba masa ido. Ya dubi talabijin, ya dubi Lemuel, ya haɗiye abin da ya haɗiye. Ya juya wajen taga ya daɗe yana kallo.

"Da alama za a yi ruwa," in ji shi da wata 'yar siririyar murya.

Odessa ta leƙa ta ƙofa. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu.

"Wannan ma ba ka canka ba," ta ce. "Zo ka sayi kifi, wanda ya ƙone naka ne."